Wa Zai Koyar da Ilmin Jiragen Sama Idan Kowa Ya Tafi?

Kwanakin baya da yamma ina wucewa ta ƙofar gidan wani dattijo maƙwabcina a nan Dar Salam, sai ya yafuto ni, ya nuna mini gefen tabarma. Bayan mun gaisa, mun yi wa juna barka da dawowa gida, sai ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, ina son ka raba mana gardama." Gardamar kuwa ita ce: ɗansa na biyu ya gama karatun injiniyan jiragen sama gab da ɓarkewar yaƙi, kuma yana cikin waɗanda suka fito a sahun gaba. Yanzu malamansa sun aiko masa cewa suna son ya dawo sashen a matsayin mataimakin malami. A daidai wannan lokaci kuma kawunsa da ke Jidda ya samo masa aiki a wani kantin sayar da kayan gyaran motoci, inda albashin wata ɗaya zai ninka na jami'a sau da dama. Gidan nan kuwa an kwashe ƙofofinsa da tagoginsa lokacin da suka yi gudun hijira, har yanzu buhu ne a rataye a bakin ɗaki. Uwar yaron tana son Jidda. Shi yaron ya yi shiru, amma kowa ya san inda zuciyarsa take.

Na ce, "Baba, wannan magana ta fi ƙarfin zama ɗaya." Abin da ya sa na rubuta wannan ƙasida ke nan, domin na san akwai gidajenmu da dama a Umdurman da Hartum, har Mai Wurno da Gadarif, da irin wannan tambaya za ta ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Bari mu fara da tunawa cewa jirgin sama tsohon abokin hanyarmu ne. Kakanninmu sun taho daga Kano da Sakkwato da Katsina da ƙafa da jakuna, suka bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Nilu, wasu suka yi shekaru kafin su ga Makka, wasu suka zauna a nan suka haife mu. To, wannan hanyar dai ita jiragen farko suka bi, sai dai su daga gabas suka yi yamma. A shekarar 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, suka biyo ta Hartum da Fashir, suka sauka a Kano ran 1 ga watan Nuwamba. A 1936 aka buɗe zirga-zirgar jirgin wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Lokacin yaƙin duniya na biyu kuwa, a Takoradi ta ƙasar Gana ake harhaɗa jiragen yaƙi, a tuƙo su ta Kano da Maiduguri da Jinaina da Fashir da Ubayyid har Hartum, daga nan su wuce Masar. Filin Wadi Sayyidna da ke arewa da Umdurman yana cikin masaukansu. Watau shekara ɗari ke nan jirage suna bin sawun kakanninmu ta sama. Mun shige su a matsayin alhazai, mun yi dako a filayensu, mun sayar da abinci a bakin ƙofofinsu. Zancen da ake yi yanzu shi ne ɗanmu ya tsaya gaban allo ya koyar da yadda ake ƙera su.

Malami, ba direba ba

Abu na farko da na lura shi ne dattijon nan ya ɗauka ɗansa tuƙin jirgi ya koya, har yana mamakin yadda matuƙi zai ƙare a aji. Yawancinmu haka muke ɗauka, saboda haka ya kamata a warware. Matuƙin jirgi makarantarsa daban, lasin yake nema, sa'o'in da ya yi a sama ake ƙirga masa. Makanike mai lasin shi ke kwance inji ya ɗaura, ya sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi. Shi kuwa injiniya, wanda a nan muke ce wa muhandis, shi ke lissafin siffar fiffike, da kaurin ƙarfe, da ƙarfin inji, tun jirgin yana kan takarda. Malamin jami'a shi ke haifar injiniyoyin, kuma ana sa ran ya riƙa binciko abin da ba a riga aka rubuta a littafi ba.

Abin da yake koyarwa ya kasu gida-gida. Akwai ilmin yadda iska ke gudana a jikin fiffike har ta ɗaga jirgi mai nauyin tan ɗari da 'yan kai. Akwai ilmin inji: yadda yake zuƙo iska, ya matse ta, ya fesa mata kananzir ya kunna, hucin ya fita ta baya da ƙarfi ya tura jirgin gaba. Akwai ilmin sarrafa jirgi da na'urorinsa, sannan akwai na taurarin ɗan'adam da rokokin da ke harba su. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne ilmin gangar jikin jirgi, domin a nan ne ake koyon cewa ƙarfe ma yana gajiya. Duk lokacin da jirgi ya hau sama sai a cika cikinsa da iska domin fasinja su yi numfashi, jikinsa ya ɗan kumbura. Idan ya sauka ya saki. Yau da gobe sai tsaga ta fara daga kusurwar wata kafa ko ramin ƙusa, kamar yadda waya ke karyewa idan ka yi ta lanƙwasa ta. Haka jiragen Comet na Ingila guda biyu suka tarwatse a sama cikin 1954. Aka nutsa jikin wani jirgin irinsu a cikin ƙaton tankin ruwa, aka yi ta matsa shi ana saki har ya tsage, sannan aka gane dalili. Comet ɗin da kamfanin jiragen saman Sudan ya sayo a 1962 na bayan gyara ne. Har yau duk malamin wannan fanni sai ya ba ɗalibansa wannan labari, domin su san cewa kuskuren lissafi a nan da rayuka ake biyansa.

A ƙasar nan wuraren da aka sani da wannan karatu kaɗan ne. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, wadda da kwalejin fasaha ce ta Hartum kafin ta zama jami'a a 1990, tana da sashen injiniyan jiragen sama. Akwai Jami'ar Karari ta soja a arewacin Umdurman. Ita kuwa Jami'ar Hartum, malamai da ɗaliban tsangayar injiniyanta sun yi aikin ƙirar gwaji ta ƙaramin tauraron ɗan'adam, irin mai siffar akwati wanda kowane gefensa santimita 10 ne. A 2013 aka kafa cibiyar binciken sararin sama da ake kira ISRA. Masana'antar SAFAT da ke wajen Karari ta nuna ƙaramin jirginta na farko a 2009, daga baya ta harhaɗa jirgin horo bisa wani samfurin ƙasar Sabiya da ƙaramin helikwafta bisa samfurin Yukren. Duk wanda ya yi aiki a waɗannan wurare, wani malami ne ya fara koya masa.

Tsanin kuwa dogo ne, gara iyaye su sani tun da wuri. Yaro zai ci jarrabawar shahada a ɓangaren kimiyya da maki mai yawa, musamman a lissafi da fizik. Digirin injiniya shekara biyar ne. Wanda ya fito a sahun gaba shi ake ɗauka a matsayin musa'id tadris, watau mataimakin malami; aikinsa duba takardun ɗalibai, da tsayawa a kansu a ɗakin gwaji, da warware musu lissafin da babban malami ya bari. Sai ya yi majistir, shekara biyu ko uku, ya zama muhadir, a ba shi aji nasa. Sai daktora, wadda kan ci shekara uku zuwa biyar, kuma a wannan fanni yawanci sai an fita waje, sannan ya zama ustaz musa'id. Daga nan ƙarin girma zuwa ustaz musharik har farfesa, ba a samunsa da daɗewa kawai. Sai an ga binciken da mutum ya buga a mujallun masana, da ɗaliban da suka yi digiri a hannunsa. Idan ka haɗa da bautar ƙasa da jiran guraben karatu, yaron da ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18 zai kai 30 ko ya wuce kafin a kira shi dakta. Sa'o'insa da suka shiga kasuwar Libiya tun suna samari a lokacin sun yi aure, wasu sun gina gida. Wannan shi ne ainihin abin da uwar yaron nan take hange, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Batun albashi ma babu abin ɓoyewa. Tun kafin yaƙi malaman jami'o'in ƙasar nan sun sha yajin aiki a kan albashin da hauhawar farashi ta cinye, bayan yaƙi ya ɓarke kuma da yawansu sun yi watanni ba su ga cikakken albashi ba. A Nijeriya ma ba ta sake zane ba, domin a 2022 malaman jami'o'in gwamnati wata takwas suka yi suna yajin aiki. Shi ya sa ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha suka daɗe suna kwashe mana malamai.

Shi wannan fanni kuma yana da tasa ƙaddarar ta daban. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a watan Nuwamba na 1997, wanda ba a ɗage ba sai Oktoba 2017, ya hana sayen kayan gyaran jirage da manhajojin kwamfuta na zane da lissafi ta hanyar da ta dace. Kamfanin jiragen saman Sudan, wanda ya fara aiki tun 1947 kuma yana cikin mafiya daɗewa a Afirka, ya yi ta ƙanƙancewa har jiragensa suka koma 'yan ƙalilan. A 2010 Tarayyar Turai ta hana jiragen kamfanonin Sudan shiga sararinta. Sai kuma ran 15 ga Afrilu 2023, ranar farko ta yaƙi, aka ƙona jiragen fasinja a tsaye a filin jirgin Hartum. Sojoji ba su sake karɓe filin ba sai cikin Maris 2025. Jami'o'in babban birni an wawashe su, karatu ya koma ta intanet, jarrabawa ta koma wasu jihohi da ƙasashen waje. Ko jarrabawar shahada ta 2023 sai a ƙarshen Disamba 2024 aka zauna ta.

To mai karatu zai ce, da wane dalili kuma za a ce yaro ya zauna? Ga nawa ganin. Bututun gwajin iska da aka lalata, idan an sami kuɗi cikin watanni za a sayo wani. Kwamfutoci a kwali suke zuwa. Amma malami mai daktora, wanda ya san ƙasar nan kuma ya yarda ya zauna a cikinta, shekara goma sha biyu ake yi ana dafa shi, kuma ba a sayar da shi a kanti. Waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Riyad da Alƙahira da Istambul, 'ya'yansu sun shiga makarantu a can, ba duka za su dawo ba. Ke nan kujeru sun zama babu kowa, kuma wanda ya shiga yanzu zai yi saurin zama ginshiƙin sashe. Al'ummar da aka daɗe ana yi wa kallon 'yan kwadagon gonakin Jazira ba ta cika samun ƙofa a buɗe irin wannan ba.

Akwai kuma tambayoyin da babu wanda zai amsa mana su daga Turai, domin ba su ne ke damunsu ba. Alal misali zafi. Ƙarfin jirgi a littafi an lissafa shi ne bisa iska mai zafin digiri 15. A Hartum cikin watan Mayu zafi kan kai 45, kuma a wannan zafi iska takan rage kauri da kusan kashi ɗaya cikin goma. Fiffike ya rage abin da zai dafa, inji ya rage abin da zai zuƙa, dole jirgi ya ƙara tsawon gudu kafin ya tashi ko kuwa a rage masa kaya. Sai ƙura. Habub ɗin da ke rufe mana gari, ga injin jirgi tamkar magagari ne: yashi yana cinye bakin fukafukan da ke matse iska, wanda ya wuce ciki kuma, inda zafi ya zarce digiri dubu, sai ya narke ya liƙe ya toshe 'yan ramukan da ke sanyaya ƙarfe. Yadda za a auna wannan ɓarna, da sau nawa ya kamata a wanke inji ko a duba shi a irin yanayinmu, bincike ne da malami zai yi shekaru yana ci daga gare shi, kuma Kano da Yamai da Njamena duk za su amfana, domin ƙurar hunturu 'yar'uwar habub ce.

Haka batun taurarin ɗan'adam. Tun 1977 Sudan take da cibiyar nazarin hotunan ƙasa da ake ɗauka daga sama. Ran 3 ga Nuwamba 2019 aka harba tauraronta na farko, SRSS-1, daga Taiyuan ta ƙasar Sin, kuma a can aka ƙera shi. Saye daban, iyawa daban. Ƙasar da ta ga ambaliyar 2020, ƙasar da fari ke sauka a gonakinta, tana bukatar mutanen da za su iya cewa ga irin tauraron da muke so, ga abin da zai gani, ga kuɗin da ya dace a biya.

Ba zan tsallake wani abu ba, domin na san yana zukatanmu. Mu mutanen Umdurman mun san ƙugin jirgi maras matuƙi, mun san yadda yara ke shigewa ƙarƙashin gado idan sun ji shi. A watan Mayu 2025 irin waɗannan jirage har Fort Sudan suka kai hari. Ilmin da ke tayar da su shi ne dai wanda yaron nan ya karanta, babu wani daban. Akwai iyayen da saboda wannan kaɗai ba sa son jin sunan fannin, kuma ba na ganin laifinsu. Amma da wannan jirgin ne a Ruwanda tun 2016 ake kai jini asibitocin ƙauye, da shi ake auna gonaki, da shi ake duba wayoyin lantarki. Abin da ɗalibi zai zaɓa ya yi aikin kammala digirinsa a kai, sau da yawa malaminsa ne ke nuna masa. Ni na fi son a ce a cikin masu nunawar akwai wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin gadon.

'Yan'uwanmu na yamma sun ɗan riga mu a wasu wurare, kuma ya kamata yaranmu su san da su. Kwalejin horon ma'aikatan jiragen sama ta Zariya an kafa ta tun 1964. A Kaduna akwai Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, inda ake karatun injiniyan jiragen sama, kuma farar hula ma suna shiga. A can Kaduna aka nuna jirage marasa matuƙa guda biyu da aka laƙaba wa sunayen Hausa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Duk wanda ya raɗa sunayen nan ya san aikin jirgin leƙen asiri. Jami'ar Jihar Kwara ma tana da sashen. Hukumar sararin samaniya ta Nijeriya an kafa ta a 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003. A Alƙahira kuma aka buɗe hedkwatar Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka cikin Afrilu 2025. Malamin da ke jin Larabci da Hausa da Turanci yana iya zama a taro a kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba tare da tafinta ba.

Na ambaci Turanci da gangan. Tun daga 1990 aka mai da yawancin karatun jami'a a ƙasar nan zuwa Larabci, amma littattafan wannan fanni, da mujallunsa, da takardun gyaran jirage, kusan duka da Turanci suke. Guraben daktora a jami'o'in Sin irin su Beihang da ta Nanjin, ko a Turkiyya da Maleshiya, ko Cranfield ta Ingila, duk sai an nuna shaidar Turanci. Yaron da ya bar wannan sai ya gama digiri ya makara. Abu na biyu takardu. Mun san wahalar da wasu gidajenmu ke sha wajen neman lambar ɗan ƙasa, ko da kakan kakansu a nan aka binne shi, ga shi kuma yaƙi ya ƙona takardun mutane da yawa. Aikin jami'ar gwamnati, da fasfo, da gurbin karatu a waje, babu wanda ke yiwuwa sai da su, wuraren da ke da alaƙa da soja kuwa binciken asalinsu ya fi tsanani. Uba ya fara bin wannan tun yaro yana sakandare. Kuma kada a ce zancen na maza ne kaɗai. Azuzuwan injiniya a ƙasar nan cike suke da 'yan mata, kuma aikin koyarwa yana cikin waɗanda iyaye suka fi sakin jiki da su.

Da na koma wurin dattijon, abin da na faɗa masa ke nan, sai na ƙara da cewa nauyin nan ya fi ƙarfin gida ɗaya. Yadda dangi ke haɗa kuɗi su tura mutum aikin hajji, ko su yi wa marainiya kayan ɗaki, haka za a iya ɗaukar wa mataimakin malami kuɗin mota da na intanet na shekara biyu ko uku har ya sami gurbin fita. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ka yi gaskiya, ɗana, amma gaskiya ba ta sa ƙofa a ɗaki." Daga baya na ji yadda suka yi: babban wan yaron ne zai karɓi aikin Jidda, shi kuma an ba shi shekara biyu. Idan majistir ta samu a cikinsu, ya ci gaba. Idan ba ta samu ba, kawunsa yana nan. Ran Asabar da ta wuce na gan shi da sassafe a tashar mota, jakar kwamfuta a kafaɗa, yana jiran motar da za ta haye da shi gada zuwa Hartum.